Yadda za ku buga kabaddi a unguwa

Tun 1972 kabaddi ne wasan ƙasa a Bangladesh, kuma wallahi ko ƙwallo ba ya buƙata. Ku nemi fili mai yashi, don ƙasar Jos tsakuwa ce, faɗuwa ɗaya gwiwa ta kwaile. Ku shata mita 13 da 10, layi a tsakiya, kowane ɓangare mutum bakwai.

Ɗaya zai tsallaka yana ta kabaddi kabaddi ba jan numfashi, ya taɓa wanda ya samu ya arce gida, duk wanda ya taɓa ya fita kenan, amma fa in suka danne shi kafin layi to shi ne a waje. Kowane maki, wato duk mutum ɗaya da kuka fitar musu, na dawo muku da mutum ɗaya cikin naku da suka fita. 'Yan kokawa ku ajiye su wajen kamu, siraran nan masu gudu su kai hari.