Yadda za ka hana ruwan sama kwashe gonarka zuwa rafi

Mai gona a bakin rafi ya san launin ruwan farkon damina: ja wur. Wannan jan ƙasar gonarka ce, haɗe da takin da ka saya da tsada da maganin feshi, kuma mutanen gangare shi za su sha.

Da farko, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka zagaya gonar, ka kafa turaku duk inda ka ga ruwa ya yi hanya.

Sai ka ja da baya daga gaɓa kamar taku goma sha biyar, ka daina noma wurin. Nan ake turjewa, don ƙasar gaɓa ta fi albarka. To, in ba ka bar ta ba, kwazazzabo zai cinye fiye da haka.

Wurin da ka bari yana buƙatar itatuwa, amma kada ka yi gaggawar sayen dashe, yawancinsa ba ya kai wa damina ta biyu. Duba kututturan kalgo, sabara, magarya da gawo da kake sassabewa duk shekara, saiwarsu na nan da rai. A kowane kututture zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, uku zuwa biyar, ka cire sauran da adda mai kaifi. Ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ɗaura musu jan tsumma, masu neman itace su san da mai su. Bayan 'yan watanni ka sake ragewa. Wannan shi ne sassabin zamani da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara da manoman Maraɗi a 1983, wanda ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Gawo kuwa ka lallaɓa shi, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana.

Inda ka kafa turaku, jera duwatsu a gicciye, ka dasa gamba ko jema a bayansu. Kunyoyi ma a gicciye, kada su bi gangare.

Taki a binne shi, ban da watsawa in hadari ya haɗu. Tankin feshi kada a wanke shi a rafi.

Kafin ka kewaye wurin da ƙaya, ka sami mai unguwa da makiyaya ku tsayar da mashaya ɗaya. In ka toshe wa shanu hanyar ruwa, shingen ba zai kwana ba.