Yadda Ake Yi wa Mace Tausa Idan Ciwon Daga Zuci Ya Taso

Shekarata 11 ina yi wa mata tausa a nan Sakkwato, wasu a ɗakina da ke Mabera, wasu kuma, musamman masu jego, in bi su gida har Runjin Sambo da Arkilla. Wajen kakata na ɗauki hannu, ungozoma ce, daga baya na ƙara da karatu. 'Yan matan da ke zuwa koyo wurina tambayarsu ɗaya ce: ina ake dannawa? Ni kuwa da abin da ake yi kafin a buɗe kwalbar mai nake fara musu.

Mace a nan ba ta shigowa ta ce tana cikin damuwa. Cewa za ta yi wuyanta ya riƙe, ko jikinta duk ya mutu, ko kamar an aza mata dutse a kafaɗa. Kuma gaskiyarta ce. Idan hankali ya tashi, jiki na sakin sinadaran adirenalin da kotizol, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya tsaya a ƙirji, naman wuya da kafaɗa da muƙamuƙi su ɗaure. Tanadi ne da Allah ya yi don gudun haɗari na ɗan lokaci. To amma wadda ake shirin yi wa kishiya, ko wadda zubin adashi ya hana barci, sai ta yi watanni a haka. In kika auka wa irin wannan kafaɗar da ƙarfi, ƙara ɗaurewa za ta yi.

Saboda haka ki fara da gaisuwa, mai tsawo, irin tamu. Ki ba ta ruwa, ki bar ta ta huce, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Sannan ki duba wa ke ɗakin. In surukarta na zaune a bakin gado, ko kwana za ki yi, jikin nan ba zai saki ba. Nakan ce, "Inna, a ba mu ɗakin na ɗan lokaci, mai zan shafa mata," ba a taɓa ƙi mini ba.

Ki tambaye ta: tana da ciki? Hawan jini fa, ko ciwon suga? An yi mata aiki kwanan nan? Yaya barci? Tambayar barcin nan ta fi "mi ke damunki?" amfani nesa ba kusa ba, don wannan ta biyun rufe baki take sa mutum.

Kafin hannu ya sauka, ki faɗa mata inda za ki taɓa da inda ba za ki taɓa ba. Zane ya rufe ko'ina, gaɓar da kike aiki a kai kaɗai ke buɗe. Kunya ba abin da za ki yi yaƙi da shi ba ne, wadda ta san an suturta ta ita ce ke sakin jiki. Ki murza man kaɗanya ko na zaitun a tafinki har ya yi ɗumi, musamman da hunturu. Daga nan ki aza tafin a tsakiyar bayanta, kada ki motsa, har ta ja numfashi uku ko huɗu. Ke ma ki sassauta naki. Na sha ganin numfashin mace ya bi nawa ba tare da na ce mata uffan ba.

Sai shafa, a hankali ƙwarai. A fatar baya da ta damtse akwai wasu jijiyoyi da suka fi amsa shafar da ke tafiyar santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, da hannu mai ɗumin jiki, kuma saƙonsu na zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da yadda mutum ke ji a ransa. Kusan saurin da uwa ke shafa bayan jaririnta ke nan, ba wanda ya koya mata. A 1986 wata masaniya a Amurka, Tiffany Field, ta wallafa bincike kan bakwaini: waɗanda aka riƙa yi wa tausa ta minti 15 sau uku a rana, kwana 10, sun fi sauran ƙaruwar nauyi da kashi 47 cikin ɗari. Da na karanta, kakata na tuna, da kaskon wutarta da man shanunta. Sai dai a hankali ba ya nufin sama-sama. Shafa mai kamar cakulkuli tayar da jiki take yi, matsakaicin nauyin hannu ake so.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya. In kika ce, "Hajiya, da zafi?" amsar da za ki ji ita ce "ba komai". An raine mu da dauriya, mace ta haihu ba a ji muryarta ba a yaba mata, ina ga tausa. Kada ki dogara da bakinta. Ki kalli yatsun ƙafarta: in sun lanƙwashe, kin yi yawa. Haka in ta riƙe numfashi, ko ta damƙe zanen gado, ko kafaɗa ta tashi wajen kunne. Ki rage ba tare da kin sa ta jin ta gaza ba. Kuma ki sauya tambayar: "In ƙara ko in rage?" Wannan tana iya amsa ta ba kunya. In ta saki, za ki ji dogon numfashi, wani lokaci cikinta ya yi ƙugi, hannunta ya yi nauyi a naki.

Wata za ta fashe da kuka. Na tuna wata mai jego, haihuwar fari, ina kan kafaɗarta kawai sai hawaye. Ban ɗauke hannu da sauri ba, ban kuma ce ta yi haƙuri ba, ta ji wannan kalmar har ta gaji. Na tsayar da tafina wuri ɗaya na ce, "Ɗiyata, ina nan, in ci gaba ko in dakata?" Abin da ta faɗa mini bayan haka yana cikina har yau. Amana ce, ko mijinki kada ya ji, balle a gidan biki.

Akwai inda hannunmu bai kai ba. Ƙafa ɗaya ta kumbura, da zafi da ciwo a sha-raɓa, musamman ga mai jego, kada ki taɓa, yana iya zama gudan jini ne, tausa na iya tura shi huhu. Asibiti nan take. Haka zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska ga mai ciki. Wadda kuma ta wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba ta son ɗaukar jaririnta, ko tana cewa gara ta mutu, likita take buƙata. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Sai dai in kika ambaci Kware kai tsaye, ji za ta yi kin kira ta mahaukaciya, ba za ki sake ganinta ba. Ni ce mata nake yi, "Rashin barcin nan akwai likitocinsa, kuma ana warkewa. Wace rana Yayarki ke da sarari, mu je mu uku?"