Neman Kakanni 'Yan Holan a Tsofaffin Mujallun Sana'a

Takardar haihuwa da ta aure da ta rasuwa suna ba ka taƙaitaccen bayani ne kawai, kamar suna da kwanan wata. Ni abin da ya dame ni shi ne yadda mutum ya rayu a tsakani, kuma a Holan wannan yana cikin mujallun 'yan sana'a.

Fara da gano sana'ar kakan. Rajistar haihuwa da aure ta soma a yawancin ƙasar a 1811, kuma takardar aure kan ambaci aikin ango, sau da yawa har na iyayensa. Za ka samu a shafin WieWasWie. Kwafi kalmar yadda take da Holanci: molenaar mai injin niƙa ne, schipper mai jirgin ruwa, apotheker mai haɗa magani.

Daga nan sai Delpher, rumbun tsofaffin jaridu da mujallu na intanet da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Hague ya buɗe a 2013, kyauta. Shiga sashen tijdschriften, wato mujallu. Injiniyoyi suna da De Ingenieur tun 1886, masu sayar da littattafai sun sami Nieuwsblad voor den Boekhandel a 1834, masu magani kuma Pharmaceutisch Weekblad tun 1864.

A nan ake bukatar haƙuri. Waɗannan mujallu ba su cika rubuta cikakken suna ba, harafin farko ne da sunan dangi da gari. Saboda haka nemi sunan dangin haɗe da garin. In akwai harufan ij a sunan, gwada shi da ij, ka sake gwadawa da y, domin rubutun yana canzawa. Na'urar da ta karanta shafukan ma takan yi tuntuɓe a kan tsohon bugu, don haka in ba a samu komai ba, buɗe fitowar shekarar da kake zato ka bi da ido.

Shafukan baya na fi so: tallar neman yaron aiki, shagon da aka sa a kasuwa, sanarwar karyewar jari, bikin cika shekara 25 a bakin aiki. Layi biyu na iya gaya maka dalilin da ya sa iyali suka tashi daga Friesland suka koma Rotterdam.

Sunaye irin su De Vries da Jansen sun yi yawa. Kada ka ɗauki mutum a matsayin naka sai gari da sana'a da shekaru sun dace da rajistar mazauna gari, wadda aka soma a 1850. Rubuta sunan mujallar, ranar fitowa da lambar shafi nan take.