Kurakuran da aka fi yi wajen ba majinyaci magani, da yadda za a gyara su

Tun kafin a fasa kwalbar allura ake fara kuskure. A ɗakin mata guda sai a sami A'isha uku, Fatima biyu, ga kuma al'adar kiran mutum da lambar gado. Da dare an sauya wa wata gado, da safe maganin "mai gado na biyar" ya tafi jikin wata daban. Kada a ce "Ke ce A'isha?", domin wadda zazzaɓi ya galabaita za ta amsa kowane suna. A ce mata, "Baiwar Allah, mene ne sunanki da na mahaifinki?" sannan a gwada da lambar kati.

Sai kintacen nauyin yaro da ido. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin sau da yawa sikelin yana nan a lungu, ƙura ta rufe shi. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ce a kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 a kowane kilo ake ba shi. Jentamisin kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan ya yi yawa yana taɓa ƙoda, yana kurumtar da yaro har abada. A auna, a rubuta, a lissafa a takarda, a ba abokin aiki ya sake dubawa. Ba gazawa ba ce.

Akwai waɗanda ba sa ba da damar gyara. Fotasiyam kulorayid ba a tura shi kai tsaye ta jijiya ko da wasa, zuciya yake tsayarwa. Sai an sirka shi cikin ruwan ƙari ya sauka a hankali. Seftirayazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ya haɗa robar ƙarin ruwa ɗaya da ruwan ƙari na Ringer saboda sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan, musamman ga jarirai. Ƙaramin yaro kuma a cinya ake yi masa allura, domin ta ɗuwawu tana iya samun babbar jijiyar ƙafa, ya tashi yana jan ƙafa.

Amma kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar cewa aiki ya ƙare da zarar an zare allura. Dubi magnesiyam salfet da muke ba mai jijjigar haihuwa. Yana ceton rai ƙwarai, sai dai ta fitsari yake fita, idan ƙoda ta yi rauni taruwa yake yi a jini. Don haka kafin kowace allurar giram 5 ta bayan awa huɗu, a ƙwanƙwasa mata gwiwa a ga ko ƙafar ta zabura, a ƙirga numfashinta na cikakken minti kada ya gaza 16, a ɗaga jakar fitsari a tabbatar yana kai mililita 30 a awa. Ɗaya ya gaza, a dakata a kira likita. Kalsiyam gulukonet, wanda shi ne makarin magnesiyam ɗin, ya kasance a kan tire tun farko. Lokacin da numfashi ya fara sarƙewa ba lokacin aiken miji kemis ba ne.

Haka maganin amai irin Plasil. Yaro ya sha, can anjima wuyansa ya murɗe, idanu sun kafe sama, harshe ya fito. Kaka ta ce iska ce, a tattara a tafi gida a yi turare. Ban ga laifinta ba, abin yana da firgitarwa. Nas ɗin da ta san illar maganin ita za ta dakatar da shi, ta kira likita, ta zauna kusa da tsohuwar ta ce, "Iya, maganin ne ya yi masa haka, akwai allurar da za ta warware shi da yardar Allah." Da an yi wannan bayanin tun lokacin bayarwa, da ba a kai ga naɗe tabarma ba.

Tambayar ko wani magani ya taɓa yi wa mutum illa ita ma ana yin ta a gurguje. Mutanenmu ba sunan magani suke riƙewa ba, abin da ya faru suke tunawa. A tambaya ko ya taɓa shan wani abu jikinsa ya yi ƙuraje, leɓe ya kumbura ko baki ya saɓule. Septrin da Fansidar suna iya saɓule fata har ta kai ga halaka. A tambayi jiƙe-jiƙe da abin da aka saya a kemis ma, cikin ladabi, don in aka ji faɗa a murya ɓoyewa za a yi. Wanda kuwa ya fara haki da kumburin fuska bayan allura, adirenalin miligiram 0.5 a cinya ne ga babba, nan take.

Idan illa ta auku, ko hannun wani ya kuskure, a rubuta a kati, a faɗa wajen miƙa aiki, a cike fom mai ruwan ɗorawa na NAFDAC ko a aika ta manhajar Med Safety. Shugabar ɗaki da ke tsawa ga wanda ya kawo kansa, ɓoyo take koya wa sauran. Kafin sallama kuma a rubuta wa iyalin sunan maganin da manyan baƙaƙe, su riƙa nuna shi duk asibiti ko kemis da suka je.