"Tak": kalma ɗaya tak da ta kwanar da ni da yunwa

Daren farko da na yi a birnin Warso na ƙasar Folan, dabino na ci na kora da ruwan famfo na kwanta, alhali da kuɗi a aljihuna, shagunan abinci kuma a buɗe. Watan Nuwamba ne, tun wajen ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, sanyi kuwa har cikin ƙashi. Na ajiye kaya a masauki na fito neman abin taɓawa, sai na hango shagon kebab, nama na juyawa a jikin ƙarfe yana ɗigar da mai. Na shiga na nuna naman na ce, "Halal?" Mutumin ya dube ni ya ce, "Tak." Na juya na fita. Shago na biyu ma haka, "Tak, tak," har da murmushi. Na ce a raina lallai garin nan sai a hankali, mutum yana gaya maka naman ba na cinka ba ne, yana kuma washe maka baki.

Washegari na ba wani ɗan'uwa Bakatsine labari, wanda ya riga ni zuwa da shekara biyu. Sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Haba Malam, ai cewa suka yi e!" Shekara huɗu na yi a Maleshiya kafin zuwana, can kuwa tak a'a ne. Kunnena ya riga hankalina yanke hukunci.

Doguwar kalma ba ta cika cutar baƙo ba. Idan ka ga an rubuta wieprzowina a jikin kwalin nama, ka san ba ka san ta ba, za ka ciro waya ka duba (naman alade ne, ka riƙe wannan tun yanzu). 'Yar guntuwar da kake jin kamar kun saba ita ce hakin da ka raina. Mu ma ai muna da namu tak ɗin, na ɗaya tak da sau ɗaya tak, shi ya sa ba ya yi wa kunnenmu baƙunta ko a bakin wa ya fito.

Ni asarata ta tuwon dare ɗaya ce. Wanda ya yi tafiyar a juye shi ne abin ji. Da Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, ɗalibanmu da ke karatun likita da injiniya a biranen Karkif da Sumi da Kiyef suka bazama neman iyaka. Waɗanda suka tsallaka Folan ta garin Medika na bakin iyaka sun tarar da tak ɗinsu yana nan yadda suka san shi, domin a yaren Yukiren ma e yake nufi. Waɗanda suka bi ta Romaniya kuma suka koma jin kalmar "da", wadda ita ce e a can. Daga baya kowa ya nemi inda zai ƙarasa karatu. To ka ɗauki wanda ya sauka Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, da kunnen Yukiren, ya tambayi mai abinci ko halal ne, aka ce masa tak, ya yi bisimilla ya zauna.

A Maleshiya asalin kalmar tidak ce, ita za ka gani a takardun hukuma da allunan sanarwa. A baki ne ake gutsure ta. Kuma ba sa fitar da k ɗin, a maƙogwaro yake tsayawa, irin tsayawar nan da muke yi a tsakiyar a'a. Wuni guda za ka ji ta ba adadi: tak boleh, ba zai yiwu ba, tak ada, babu, tak faham, ban gane ba, tak tahu, ban sani ba, tak nak, ba na so. Wadda na fi ƙauna ita ce tak apa, wato ba komai, sun kuma iya faɗinta da sanyin murya kamar mutanen gida. Sai ka lura da mazauninta. Idan ta zo a ƙarshen magana ta zama tambaya, kamar mu ce "ko kuwa?" Mai abinci ya ce maka pedas tak, yana tambaya ne ko yaji ya yi yawa. Kai ma haka za ka nemi alfarma, boleh tak, zai yiwu kuwa? Amsar e a wajensu sau da yawa maimaita kalmar ce: boleh, ko ada. Idan kana jiran ka ji wata kalma ta daban mai nufin e, za ka daɗe a tsaye.

Akwai wani abu da ya ɗaure mini kai a watannin farko. Mai gidan da nake haya ya turo saƙo ta WhatsApp, "x boleh". Na ɗauka yatsansa ne ya zame. Ashe a rubutun waya harafin x shi ne tak, don haka xde na nufin babu. Sannan akwai belum, wadda ita ce tukuna tamu sak. Aka tambaye ka ko ka ci abinci, ko ka yi aure, ba tak ake cewa ba, belum ake cewa, domin tak a nan kamar ka rufe ƙofar ne gaba ɗaya. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Batun halal kuwa Maleshiya ta sauƙaƙa: hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, JAKIM, na da tambarin da ake liƙawa a shago da jikin kaya, manyan kantuna kuma suna ware ɓangaren abin da ba halal ba. Ka duba tambarin, ya fi tambayar baki. In za ka tambaya, ka fara da girmamawa, abang ga wanda ya kai yayanka, kak ga mace, pakcik da makcik ga sa'o'in kawu da inna.

A Folan kuma, da na zauna na fahimci kalmar sai na ga ashe 'yar gida ce. Asalin ma'anar tak a harsunan yankin shi ne "haka". Mutanen Folan da na Yukiren suka mayar da ita kalmar amincewa, kamar yadda mu ma idan magana ta yi daidai muke cewa haka ne. Rashawa suna da kalmar "da" mai nufin e, sai suka bar tak a matsayin "haka" da kuma wani abu mai kama da "to" ɗinmu. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu a Folan ba, nan ne kuma tarkon yake. Ka kai takardun neman katin zama, wanda suke kira karta pobytu, ma'aikaciya tana buɗa shafi tana cewa "tak... tak... tak...", kai kuma zuciyarka fari ƙal, kana ƙirga amincewa uku. Ita kuwa "to... to..." take yi, irin ta malamin asibiti mai duba kati. Sai ta kai shafin ƙarshe ta ɗago ta ce takardar inshora babu. Wanda ya ɗaga waya ya ce "tak?" na'am yake yi. Ka tambayi mutum yaya aiki ya ce tak sobie, to sama-sama ne, da sauƙi dai.

Mai jin Turanci yana da ƙarin rami biyu a ƙasar. Na farko no, wadda a bakin ɗan Folan ke nufin "eh mana" ko "to". No tak amincewa ce, irin ta "ai kuwa haka ne". A'a ta gaskiya ita ce nie, kuma a fom za ka ga akwati biyu, TAK da NIE, sai ka nutsu kafin ka ɗora biro, musamman in ka fito daga Maleshiya irina. Na biyu kalmar godiya, dziękuję. Aka miƙo maka shayi ka faɗe ta ita kaɗai, yawanci za a ɗauka ka ƙoshi ne, a janye kofi. A gidan abinci kuwa, ka miƙa wa mai hidima takardar zuloti 100, kuɗin ƙasar ke nan, a kan cinikin 70 kana cewa dziękuję, ka yafe canji ke nan. Mu da aka tarbiyyantar da godiya a kan komai, sai mu riƙe ta a baki har canji ya dawo hannu.

Daga gaɓar Folan jirgin ruwa na kwana ɗaya ne ya kai ka Ystad a Suwidin, amma kafin ka sauka kalmar ta sake riga. A Danmak tak godiya ce, Suwidin na rubuta ta tack, Norwe takk, dangin danke ta Jamusanci. Suna kashe ta fiye da gishiri. Da ita ake roƙo, en kaffe, tak, a ba ni kofi ɗaya don Allah. Da ita ake tashi daga kan abinci, tak for mad, an gode da abinci, kuma rashin faɗinta a gidan mutane rashin tarbiyya ne, kamar ka ci tuwon gwaggo ka wanke hannu ka fice ba ko sannu da aiki. Har idan kun sake haɗuwa da wanda ya karɓi baƙuncinka, ana cewa tak for sidst, wato an gode da rannan, abin da Bahaushe ya sani sarai da "jiya na gode". Abin da zai ba ka wuya a can alkunya ce. A gida an ce bisimilla ka ce alhamdu lillahi, a sake, ka sake nonnoƙewa, sai a na uku ka sa hannu. A Kopenhagen, babban birnin Danmak, ka ce nej tak, wato a'a na gode, sau ɗaya, an gama, ba mai sake yi maka tayi, ba kuma rowa ba ce, sun ɗauke ka mai faɗin abin da ke ransa. In kana so ka ce ja tak, wato e na gode, tun a karon farko. A Suwidin da Norwe kuma ka kula da jan wasali: in ka ja shi ka ce taak, rufin ɗaki ka ambata.

Masu zuwa Indiya karatu ko jinya, a Hindi da Urdu tak na nufin "har", kuma bayan kalma take zuwa. Paanch baje tak, har ƙarfe biyar. Das din tak, har kwana goma. Gidan talabijin ɗin nan na labarai, Aaj Tak, ma'anar sunansa "har zuwa yau". Wato sau da yawa in ka ji ta a Delhi, wa'adi ake yanka maka, na shan magani ko na biyan kuɗi ko na kai takarda, don haka abin da ya gabace ta shi ne abin kamawa. Tambayar da za ta yi maka rana ita ce kab tak, har yaushe? Ka yi hattara da kal tak, domin kal na nufin jiya, tana kuma nufin gobe. Wa'adi ɗaya da bai kamata ya wuce ka ba: mai bizar da ta haura kwana 180, irin ta karatu, ana so ya yi rajista da ofishin baƙi na FRRO cikin kwana 14 da sauka. A kudu, irin su Chennai, Tamil ake yi, Hindin ba lallai ta fisshe ka ba.

A Turkiyya tak umarni ne, saka ko ɗaura, kamar yadda direba zai ce kemerini tak, ɗaura bel. Tasu mai kama da tamu ita ce tek, guda ɗaya, a Farisanci kuma tak ɗin ce da kanta ke nufin tilo. Wanda ya yi karatun allo ya kula da hayır. Kunne zai ji hairan, ya ɗauka alheri ake faɗi, nan kuwa a matsayin amsa a'a ce.

Kada mu ga kamar su kaɗai ke rikita mutane. Namu "to" ya fi tak santsi. Akwai to na yarda, akwai na na ji, akwai na za mu gani, akwai wanda ma ƙi ne cikin ladabi, duk murya ke rarrabe su. Muna fita waje sai mu juye su duka cikin "oke". Mai gida ya ce daga wata mai zuwa haya ta ƙaru, ka ce oke kana nufin na ji, zan yi shawara, shi kuwa ya tafi da cewa an ƙulla. In ba ka yarda ba tukuna, faɗi da cikakkiyar magana cewa za ka ba da amsa ranar kaza.

Abin da nake yi yanzu duk ƙasar da na sauka, tun a filin jirgi nake rubuta e da a'a nasu a takarda, su biyun tare, in manna a bayan waya: tak da nie a Folan, ya da tak a Maleshiya, ja da nej a Danmak da Suwidin, haan da nahin a Indiya, evet da hayır a Turkiyya. A Yukiren tak da ni ne, sai ka yi dariya, kalmar da kake nuna ƙirjinka da ita ce a'arsu. A kan abu huɗu kuwa, kuɗi da takardu da magani da abinci, na daina yin tambayar da kalma ɗaya ke amsawa. Maimakon "halal?" sai in ce naman mene ne, daga ina ake kawo shi. Maimakon "gobe?" sai in miƙa biro a rubuta mini kwanan wata da lamba. In aka gama bayani in maimaita abin da na fahimta, in ga ko za a gyara mini.

Shagon farkon nan na koma bayan kwana biyu. Mutumin ya gane ni, ya nuna mini takardar mahautar da ke kawo masa nama, a manne a bango bayan kanta, wadda yunwa da sanyi suka hana ni gani rannan. Ya yanka naman ya zuba a burodi, ya ɗaga robobin miya biyu ya ce, "Ostry czy łagodny?", mai yaji ko marar yaji. Ni kuma da sabuwar kalmata a baki, na ce masa, "Tak." Ya girgiza kai, ya zuba mini duka biyun.