Yadda ake zaɓen furen hops idan za a sayo da yawa don dafa giya a gida

Masu dafa giya a gida a Amurka sukan sayi furen hops, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, fam-fam, wato giram 454, domin ya fi ƙananan ƙulli araha, amma sai an zaɓa da lura.

Da farko, ka duba irin giyar da ka fi dafawa cikin shekara, ka lissafa giram nawa kowace tukunya mai lita 19 take ci, domin abin da ba za ka ƙarar ba asara ne.

Na biyu, ka ɗauki iri guda mai ɗaci sosai, kamar Magnum na Jamus, wanda sinadarin alfa ɗinsa, wato mai kawo ɗacin, kan haura kashi 12 cikin ɗari. Shi ake zubawa tun farkon tafasa na minti 60, kuma kaɗan ya isa.

Sannan ka zaɓi na ƙamshi, wanda a ganina nan ya kamata ka fi natsuwa. Cascade, da aka fitar a Amurka a 1972, yana da ƙamshi irin na dangin lemu, Saaz na ƙasar Czech kuwa mai laushi ne, kuma ɗacinsa kaɗan ne. Ka murza ƙwaya ɗaya a tafin hannu ka shinshina. Idan ka ji warin tsohon cuku, furen ya tsufa, ka bar shi.

Ka tambayi shekarar girbi, wanda a arewacin duniya ake yi a Agusta da Satumba, kuma ka fifita wanda aka matse ƙwaya-ƙwaya. Da ka iso gida, ka rarraba shi cikin leda, ka zuƙe iskar, ka ajiye a firiza.