Kafin ku sayi taƙaitaccen tarihin wata ƙasa

Jama'a, kada bangon littafi ya ruɗe ku. Ku buɗe tsakiya ku karanta shafi guda. In sunayen sarakuna da shekaru ne jere kamar rajistar aji, ku ajiye, gyangyaɗi zai sa ku.

Gwanin marubuci yakan zaɓi wuri ya daɗe a kai. A tarihin Jamus, ba zai ce katangar Berlin ta faɗi a 1989 ya wuce ba. Zai kai ku daren 9 ga Nuwamba, jama'a sun yi cincirindo a mashigar iyaka, masu gadi sun rasa yadda za su yi har suka buɗe. Sannan ya waiwaya 1961, ya faɗi abin da ya sa aka gina ta.

Ni dai in babu taswira, ba na saye.